A Kashe Mota a Ƙofar Majami'ar Antietam

A 'yan shekarun nan mutanenmu da ke zuwa Amurka sun ƙaru: masu zuwa karatun tauhidi, wakilan da ake aikawa tarurrukan ikkilisiyoyin da muke zumunta da su, da iyayen da ke zuwa ganin jikoki. Wanda ya sauka a yankin Washington da wuya ya yi mako guda masu masaukinsa ba su ce ya shiga mota a kai shi ganin filin yaƙin basasa ba. Amurkawa suna ji da waɗannan filaye ƙwarai. Akwai Gettysburg, akwai Manassas, akwai Antietam, dukansu tafiyar yini guda ce a je a komo. Shawararmu ita ce, idan an ba ku zaɓi ku ce Antietam. In kuwa kun je, kada ku yarda a zagaya da ku yadda ake zagayawa da kowa.

Bari mu fara da abin da ya faru a wurin. Yaƙin basasar Amurka ya ɗauki shekara huɗu, daga 1861 zuwa 1865. Jihohi 11 na Kudu suka ɓalle, kuma tushen rigimar shi ne bauta, gama a lokacin akwai baƙar fata kusan miliyan 4 da ake riƙe da su a matsayin bayi. Mutanen da suka mutu ba su gaza 620,000 ba. (Arewa da Kudun da za mu riƙa ambata na Amurka ne, kada mai karatu ya ɗora musu namu.) Antietam, wanda suke furtawa kamar "Antitam", sunan wani rafi ne kusa da ƙaramin garin Sharpsburg a jihar Maryland, kimanin mil 70 daga Washington. A nan ne ranar Laraba 17 ga Satumba 1862 rundunar Kudu ta Janar Robert E. Lee ta gamu da rundunar Tarayya ta Janar George McClellan. Daga asuba zuwa faɗuwar rana, cikin sa'a 12, mutum kusan 23,000 aka kashe, ko aka raunata, ko suka ɓace. Fiye da 3,600 a nan take suka mutu. Har wa yau ba a taɓa zubar da jini a yini guda a tarihin Amurka kamar na ran nan ba.

Yau wurin shiru ne, gonaki ne kore shar da shingayen katako. Tun a shekarun 1890 gwamnati ta shimfiɗa ƙananan hanyoyi a bisa layukan da rundunoni suka tsaya, kuma su ne baƙi ke bi da mota. Zagayen mil 8 da rabi ne, da wuraren tsayawa masu lamba. Ana ba ka taswira a gidan karɓar baƙi, akwai kuma muryar mai bayani da za ka saurara ta waya. An tsara hanyar ta bi agogon yaƙin: a fara daga arewa inda aka gwabza da safe, a sauko tsakiya inda aka yi na tsakar rana, a ƙare a kudu inda aka yi na yamma. Wanda bai yi wasa ba, cikin sa'a biyu ya gama, ya sayi hula da kofin shayi masu hoton igwa, ya tafi neman abincin rana.

Ba muna kushe mota ba ne. Da yawa daga cikinmu gwiwoyi sun fara magana, kuma filin ya fi ƙarfin tsoho ya taka shi da ƙafa. Mota tana kuma nuna wa mutum faɗin abin, yadda layin daga ya miƙe mil da mil. Sai dai tana ɓoye abu biyu, kuma na biyun ne ya sa muka ɗauki alƙalami.

Na farko ƙasar kanta ce. Daga cikin mota filin kamar shimfiɗaɗɗe yake, mutum ya yi ta mamakin yadda dubban sojoji za su auka wa juna ba su ga juna ba. Sai ka sauka ka taka za ka gane cewa ƙasar tana da tudu da gangare, kamar tabarmar da ba a shimfiɗa da kyau ba. A tsakiyar filin akwai wani burtali tsakanin gonaki, wanda amalanken manoma da ruwan sama suka zaizaye har ya zama kwari. Sojojin Kudu suka kwanta a ciki. Na Tarayya suka taso daga gonar wani manomi mai suna William Roulette, suna hawan gangare ba sa ganin kowa, sai da suka kai kan tudun suka bayyana a gaban bakin bindigogi, tazarar da za ka kira mutum ya amsa. Cikin sa'a uku da 'yan kai mutum wajen 5,500 suka faɗi a wannan ɗan wuri, har gawawwaki suka cika burtalin. Mota tana ajiye ka a bakin kwarin, kusa da hasumiyar duwatsu da aka gina domin masu kallo. Wanda yake so ya fahimta sai ya gangara wajen gonar Roulette, ya juyo ya hau tudun nan da ƙafarsa a hankali, yana sane da abin da ke jiransa a sama. Haka ma gonar masarar David Miller a arewa, eka 24 kacal, wadda ta riƙa sauya hannu tun asuba. Wata runduna daga Texas ta shiga cikinta, cikin kowane mutum 100 aka rasa 82. Manoman cikinmu sun san girman eka 24, sun kuma san yadda masara take a watan girbi, ta fi kan mutum, ba ka ganin wanda ke taku biyar a gabanka. Wannan sani ya fi duk abin da muryar waya za ta faɗa maka.

Abu na biyu da mota take ɓoyewa shi ne masu wurin. Hanyar tana ba da labarin rundunoni, gama sojoji ne suka zana ta, kuma tsofaffin sojoji da jihohinsu ne suka tara kuɗi suka kafa duwatsun tunawa kusan 100 da ke gefenta. An kafa igwa 6 da bakinsu a ƙasa, a wuraren da janar-janar 6 suka faɗi, uku daga kowane ɓangare. Har akwai dogon dutse na wani saje mai suna William McKinley, wanda ya kai wa 'yan rundunarsa abinci da gahawa mai zafi ana cikin ruwan harsashi. Ba mu raina aikinsa ba, amma da bai zama shugaban ƙasa daga baya ba, da wuya a tuna da gahawar nan. Manoman da aka yi yaƙin a kan gonakinsu kuwa ba su da ƙungiyar da za ta kafa musu dutse. Garin Sharpsburg mutum wajen 1,300 ne a lokacin. Sojoji fiye da 100,000 suka sauka musu, kuma bayan yaƙin rundunar Tarayya ta yi makonni a yankin tana cin amfanin gona, tana yanka dabbobi, tana ƙona shingaye domin girki. Gidaje da rumbuna da majami'u suka zama asibitoci. A gonar Roulette kaɗai an binne sojoji kusan 700. Sa'an nan zazzaɓin taifot da gudawa suka biyo baya, suka shiga gidajen mutanen gari.

Wurin tsayawa na farko a zagayen wata 'yar majami'a ce, kuma a nan muke roƙonku ku ce wa direba ya kashe mota. Yawancin baƙi minti biyar suke yi mata: a leƙa, a ɗauki hoto, a koma mota domin a je inda aka yi "ainihin" yaƙin. Ginin jan bulo ne da aka shafe da farar ƙasa, ɗaki guda. Ba hasumiyar ƙararrawa, ba gicciye a kai, ba ado ko ɗaya, har waɗansu sojoji suka ɗauka makaranta ce. A ciki bencina ne na katako da tebur a madadin mumbari. Ƙofa biyu gare ta, gama maza da mata ba ta ƙofa ɗaya suke shiga ba. Wani manomi, Samuel Mumma, ya ba da filin, aka gina ta a 1852.

Masu ita ƙaramar jama'a ce mai asali daga Jamus. A 1708 ne mutum 8, har da Alexander Mack, suka yi baftisma a kogin Eder a ƙauyen Schwarzenau, suka fara wannan zumunci. Maƙwabta suka laƙaba musu suna Dunker, watau masu nutsarwa, domin sukan nutsar da mai tuba sau uku a ruwa. Suna wanke wa juna ƙafafu a jibin ƙauna, ba sa rantsuwa, ba sa ɗaukar makami. Tun 1782 babban taronsu ya yanke cewa ɗan'uwa ba zai riƙe bawa ba. A Kudu ana zarginsu saboda sun ƙi bauta, a ɓangarorin biyu kuma ana hararsu saboda sun ƙi shiga soja. Wanda aka kira, sai ya biya fansa: dala 500 a Kudu, dala 300 a Arewa. Dattijonsu John Kline, wanda ya riƙa ƙetare layin daga a kan doki domin kada zumuncin ya rabu biyu, an yi masa kwanton ɓauna kusa da gidansa a Virginia a 1864 aka harbe shi. Duk wanda ya taɓa zama tsiraru a tsakanin manya biyu masu fushi ya san wannan matsayi ba sai an fassara masa ba.

Ranar Lahadi 14 ga Satumba suna cikin sujada suka riƙa jin rugugin igwa daga tsaunin South Mountain. Kwana uku bayan haka, da gari ya waye, farin ginin nan da ke kan ɗan tudu shi ne abin da ido ke iya gani ta cikin hayaƙi, sai ya zama alamar da Janar Joseph Hooker ya nufa da rundunarsa. Igwar Kudu kuwa tana jere a ƙetaren hanya daga ƙofarsa. A kurmin da ke bayan majami'ar, sojojin Tarayya fiye da 2,200 suka faɗi cikin minti 20. Gidan sujadar mutanen da suka ƙi taɓa bindiga ya zama tsakiyar yini mafi jini a tarihin ƙasarsu. Harsasai suka huda bango da rufi, aka kwantar da masu rauni a kan bencinan. Kwana biyu bayan yaƙin wani mai ɗaukar hoto, Alexander Gardner, ya ɗauki gawawwakin sojojin Kudu a kwance da majami'ar a bayansu. Da aka baje hotunansa a New York a watan Oktoba, shi ne karo na farko da jama'ar Amurka suka ga matattun filin daga da idonsu.

Daga ƙofar majami'ar ana hango gidan Mumma. Iyalin sun gudu kafin yaƙin zuwa wata majami'ar 'yan'uwansu da ke arewa. Sojojin Kudu suka cinna wa gidan wuta domin kada gwanayen harbi na Tarayya su fake a ciki. Da suka komo sai toka. Suka nemi diyya, gwamnati ta ce abin da sojojinta suka ɓata kaɗai take biya, wannan kuwa aikin 'yan tawaye ne. Mun san irin wannan amsa. Suka sāke gini a 1863. A 1906, shekara 44 bayan haka, wani tsohon sojan Kudu daga North Carolina, James Clark, wanda yake cikin waɗanda suka sa wutar, ya rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban gidan wayar Sharpsburg yana tambayar abin da ya sami iyalin. Ashe shugaban gidan wayar ɗan Samuel Mumma ne, wanda aka ƙone gidan yana saurayi. Ya amsa masa da alheri, ya nuna ba ya riƙe da shi a zuciya. A ganinmu wannan wasiƙa ta cancanci dogon dutse fiye da gahawar McKinley.

Ga abin da ya fi ba mu tsoro a tarihin majami'ar, kuma ya shafi kowane mai ziyara. Igwa ba ta rushe ta ba. An gyara ta, an koma sujada a cikinta a 1864, har zuwa ƙarshen ƙarnin lokacin da jama'ar suka gina sabuwa a cikin gari. Da aka bar ta, masu zuwa kallo suka riƙa ɓamɓare bulo ɗaya-ɗaya suna tafiya da shi tsaraba. Ginin ya yi rauni, a 1921 guguwa ta kwantar da shi. Sa'an nan aka sayar da filin, wani ya gina gida a kan harsashin, da gidan mai da shagon tsaraba, domin masu yawon kallo da mota. Shekaru ana zuba wa motoci fetur a daidai inda ake wanke ƙafafun 'yan'uwa. Sai a 1951 wata ƙungiyar tarihi ta yankin ta sayi wurin ta kawar da shagon, aka sāke gina majami'ar a 1962 da sauran kayan asali da wani mutumin gari, Elmer Boyer, ya adana. Saboda haka wanda ya tsaya a ƙofarta da mota yana kunne, ya sani magabatansa a wannan sana'a ta kallo sun yi wa wurin ɓarnar da sojoji ba su yi ba.

Littafi Mai Tsarki na majami'ar ma yana da nasa labari. Wani sojan New York, Nathan Dykeman, ya ɗauke shi bayan yaƙin ya tafi da shi gida. Shekara 41 yana can. Bayan mutuwarsa tsofaffin abokan yaƙinsa suka so mayarwa, amma ba su san ko jama'ar tana nan ba. Wanda ya haɗa su da ita shi ne John T. Lewis, baƙar fata, manomi a Elmira, ɗan wannan ikkilisiya da aka yi wa baftisma a Maryland tun yana saurayi. Ta hannunsa littafin ya koma a 1903.

Me ya haɗa mu da su? Jama'ar nan ta ɗauki sunan Church of the Brethren a 1908. Ta aiko H. Stover Kulp da Albert Helser, suka yi sujadarsu ta farko a gindin tsamiya a Garkida ranar 17 ga Maris 1923. Daga nan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ta fito, wadda ta yi bikin cika shekara 100 a 2023, ta kuma fi uwarta ta Amurka yawan masu bi nesa ba kusa ba. Ba dukanmu ne 'yan EYN ba, amma babu wanda bai san abin da ya same su ba. Yawancin 'yan mata 276 da aka sace a Chibok a watan Afrilu 2014 'ya'yansu ne, kuma a watan Oktoba na shekarar Boko Haram ta mamaye hedkwatarsu a Kwarhi. Su ma sun riƙe koyarwar salama, su ma yaƙin da ba su nema ba ya iske su a gidajen sujadarsu. Ɗan Garkida ko Lassa ko Chibok da ya zauna a bencin nan na Antietam yana cikin ɗakin kakanninsa na bangaskiya ne. 'Yan'uwa na yankin suna yin sujadar tunawa a cikinta a watan Satumba, wanda tafiyarsa ta dace da lokacin ya yi ƙoƙari ya halarta.

Akwai masu cewa, kuma mun ji daga bakin dattawan da muke girmamawa, mai bi ba shi da abin yi a filin yaƙi ko kaɗan. Suna cewa waɗannan wurare makarantun ɗaukaka yaƙi ne, inda ake koya wa yara sha'awar kakin soja. Akwai gaskiya a ciki. Mun ga iyaye suna ɗora yara a kan igwa domin hoto. Amma ƙaurace wa wurin ba ya rufe shi, sai dai ya bar labarin a bakin masu son igwa kaɗai. Abin dubawa shi ne yadda aka shiga. A 2 Sama'ila sura 23, jarumawa uku sun kutsa sansanin Filistiyawa suka ɗebo wa Dawuda ruwa daga rijiyar Baitalami domin ya yi marmarinsa. Da suka kawo ya ƙi sha, ya zuba shi a gaban Ubangiji, domin a wurinsa ruwan nan daidai yake da jinin waɗanda suka sai da ransu. Filin Antietam irin wannan ruwa ne. Yana da kyaun gani, iska tana da daɗi, mutum yana iya shanye shi kamar abin sanyaya maƙogwaro a ranar hutu. Mu dai muna ganin bai kamata ba.

Akwai wata magana da ta fi wannan nauyi, kuma ba za mu kauce mata ba don tana damun koyarwarmu. Washegarin yaƙin da dare Lee ya janye ya ƙetare kogin Potomac. Wannan ne ya ba Shugaba Abraham Lincoln damar da yake jira, kwana biyar bayan yaƙin, ranar 22 ga Satumba, ya yi shelar cewa daga 1 ga Janairu 1863 bayin da ke jihohin tawaye 'yantattu ne. Baƙar fata kusan 180,000 suka shiga rundunar Tarayya bayan haka. 'Yan'uwa sun shekara 80 suna ƙin riƙe bayi, sun tsarkake hannuwansu, amma ƙinsu bai kwance sarƙar mutum miliyan 4 ba. Waɗanda suka hau tudun nan zuwa bakin burtali, da yawansu ba don bayi suka fito ba, duk da haka ta wurin jininsu ƙofar ta buɗe. Wanda ya zauna a bencin Dunker ya ce su kaɗai ne masu gaskiya a ran nan, ya yi saurin yanke hukunci. Wanda kuma ya ce salamarsu tsoro ce, bai san John Kline ba. A makarantar tauhidi mun yi ta muhawara a kan Matiyu sura 5 da Romawa sura 13, kowane ɗalibi da amsarsa a shirye. A filin nan amsoshin suna yin nauyi a baki. Mu har yanzu muna tare da masu bencin, gama ba mu ga inda Ubangijinmu ya ba almajiransa izinin abin da aka yi a gonar masara ba. Sai dai muna faɗin haka da sanin cewa waɗansu ne suka biya kuɗin 'yancin da mu ma muke murna da shi.

Domin wannan ne muke ba da shawarar a ƙara wurin tsayawa guda wanda ba shi da lamba a zagayen. A cikin garin Sharpsburg, a wani ɗan titi na baya, akwai wata ƙaramar majami'ar katako mai suna Tolson's Chapel. Shelar Lincoln ba ta shafi Maryland ba, domin jihar ba ta yi tawaye ba, saboda haka bayin da suka ga yaƙin da idonsu a gonakin nan sun ci gaba da zama bayi har 1 ga Nuwamba 1864, sa'ad da jihar ta soke bauta da sabon tsarin mulkinta. Shekara biyu bayan haka, a 1866, baƙar fatan garin, 'yan Methodist, suka gina wannan ɗaki da hannunsu. A 1868 suka mai da shi makaranta a ranakun mako, yaran da aka haifa cikin bauta suka fara koyon karatu a ciki. A 2021 gwamnatin Amurka ta sa shi cikin manyan wuraren tarihi na ƙasa. Tafiyar 'yan mintoci ce daga filin, amma yawancin motoci ba sa ratsewa. Majami'a ta farko tana nuna waɗanda yaƙin ya faɗa wa, ta biyu tana nuna waɗanda aka yi shi a kansu. Wanda ya ga ɗaya bai ga ɗayar ba, ya komo da rabin labari.

Akwai kuma abin da ya kamata shugabannin ikkilisiyoyinmu su ɗauko daga wurin. Abin da muka sani game da jama'ar Dunker ya tsira ne domin wani ya ajiye wasiƙa, wani ya ɓoye bulo da katako a rumbunsa shekara 40, wani ya tuna inda littafi ya fito. Majami'unmu da aka ƙone a shekarun nan, da waɗanda aka sāke ginawa, da waɗanda har yanzu kango ne, wa yake rubuta labarinsu? Rahoton hukuma zai faɗi ranar da sojoji suka karɓe gari da sunan kwamandan. Ba zai faɗi sunan mai wa'azin da ya ƙi gudu ya bar tsofaffi ba, ko maƙwabcin Musulmi da ya ɓoye iyali a ɗakin matarsa, ko wanda ya dawo da ƙararrawar da aka sace. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kowane sakataren ikkilisiya yana da littafin minit. A ware shafuka, a zauna da waɗanda suka gani tun suna da rai, a rubuta sunaye da ranaku, a ajiye kwafi a wani gari dabam. In akwai benci ko Littafi Mai Tsarki da ya tsira daga wuta, kada a jefar don an sami sabo.

Zagayen yana bi ta gadar duwatsu da ake kira da sunan Janar Burnside, inda 'yan Georgia da ba su wuce 500 ba suka tsare dubbai na sa'a uku daga kan tudu. Nan dole a sauka, gama mota ba ta isa bakinta. Yana ƙarewa a maƙabartar ƙasa, wadda aka keɓe ranar 17 ga Satumba 1867. Sojojin Tarayya 4,776 ke kwance a ciki, fiye da 1,800 ba a san sunayensu ba. Na Kudu ba a yarda a binne su a nan ba, sai aka kwashe su zuwa Hagerstown da Frederick da Shepherdstown.

Dare ɗaya ne a shekara muke ganin mota ta dace da wurin sarai. Tun daga 1989, a Asabar ta farko ta watan Disamba, masu aikin sa kai sukan jera kyandir kusan 23,000 a filin, kowanne a cikin 'yar jakar takarda, ɗaya domin kowane sojan da aka kashe, ko aka raunata, ko ya ɓace. Da duhu ya yi sai motoci su shiga a layi, an kashe manyan fitilu, ba tsayawa, ba sauka, suna tafiya kamar masu rakiyar gawa har mil 5. Hasken yana bin tudu da gangare iyakar ganin ido, ya wuce ta gaban majami'ar Dunker da gidan Mumma. Lissafin kyandirorin na sojoji ne kaɗai. Mutanen Sharpsburg da cuta ta kwashe a watannin da suka biyo baya ba sa ciki.